Ina Ango da Amarya Za Su Sauka a Zariya?

Wata al'ada ta fara kama ƙasa a tsakanin matasan ma'aurata, musamman masu aikin albashi a Kaduna da Abuja da Kano. Da zarar an watse daga biki, masu haya sun kwashe kujeru da rumfuna, ƙawaye sun koma gidajensu, sai ango ya ɗauki amaryarsa su bar gari na 'yan kwanaki. Masu hali su nufi Umra ko Dubai. Waɗanda aljihunsu bai kai can ba su nemi gari na kusa mai abin kallo, kuma Zariya na cikin waɗanda ake ambata, tunda da yawansu a nan suka yi karatu, wasu ma a Samaru ko Kongo suka fara ganin juna. Ba sababbin aure kaɗai ba. Akwai mai 'ya'ya huɗu da ke son ya ajiye su wurin kakarsu, ya fita da uwarsu ta ɗan huta da tukunya. Tafiyar ba ta cika tayar da ƙura ba. Inda ake rabuwa shi ne wurin kwana: a gidan dangi za a sauka kamar yadda iyaye suka saba, ko a kama ɗaki a ƙaramin otal mai tsafta a tsakiyar gari?

Masaukin da matasan ke nufi ya bambanta da katafaren otal ɗin da 'yan taro ke cikawa. Ƙarami ne, ɗakunansa ba su da yawa, mai shi yakan san baƙinsa da fuska, an ƙawata shi da kayan garin da yake ciki, kuma mutum na iya takawa da ƙafa ya isa kasuwa ko masallaci. Ana danganta farkon yayinsa da otal ɗin Morgans da Ian Schrager da Steve Rubell suka buɗe a New York a 1984, daga nan salon ya bi manyan birane har ya iso Legas da Abuja. Kuɗin da ake biya a irin wannan wuri rabinsa na gado ne, rabinsa na kusanci da gari.

A Zariya kuwa, ga mai neman tarihi, tsakiyar gari ita ce birni, bakin birni kuma Ƙofar Doka. Wanda ya taso daga Tudun Wada ita ce ke karɓarsa, da cunkoson Keke Napep da 'yan acaɓa, da masu rake da lemo a gefen titi, da yaran Kwalejin Alhudahuda idan lokacin tashi ne. Daga nan hanya ta miƙe zuwa Babban Dodo da fada. Amma masaukan da aka sani a garin, irin su Kongo Conference Hotel na Jami'ar Ahmadu Bello da Zaria Hotel, da ƙananan gidajen baƙi na GRA da hanyar Samaru, a wajen ganuwa suke. Wannan tsari ya daɗe. Da jirgin ƙasa ya iso wajen 1911, Turawan mulki sun zaunar da baƙin kudu a Sabon Gari, 'yan Arewa da ba 'yan gari ba kuma a Tudun Wada, aka bar birni ga Zage-zagi da sarkinsu da alƙalansu da malamansu. Likita Mila, ɗan mishan ɗin da ya samu zama a cikin birni tun 1905, shi ma a 1929 sai da aikinsa ya koma Wusasa. Birnin Zazzau ya saba da baƙo ya shigo da rana, ya fita da dare, sai fa in yana da wanda zai ce wannan baƙona ne.

Masu cewa a sauka a gidan dangi ba tsofaffi kaɗai ba ne, kuma hujjarsu ta wuce "haka muka tarar". Abu na farko da suke kawowa shi ne zumunci. A wurin Bahaushe, ɗan'uwa ya shigo gari da iyalinsa ya kwana a ɗakin haya, magana ce da aka faɗa ba da baki ba: ko gidan ya yi masa ƙanƙanta, ko abincin bai kai ba, ko akwai wata a ƙasa. Kawun da ya ji labari a bakin wani zai kira ka a waya, bayan gaisuwa ya ce, "Ashe ka shigo? To, mu mun mutu ne?" Ba ka da amsar da za ta wanke ka. Addini ya ba baƙo haƙƙin kwana uku a kan mai masaukinsa, mutanenmu kuma suna ɗaukar sauke wannan haƙƙi a matsayin lada da mutunci. Wanda ya tsallake su ya tafi otal, a ganinsu ya hana su duka biyun.

Hujja ta biyu ta fi wannan nauyi, kuma matasa ba su cika lura da ita ba. Aure a ƙasar Hausa dangi ne ke ɗaura shi, dangi ne kuma ke riƙe shi in ya fara rawa. Amaryar da ta kwana a ɗakin gwaggon mijinta, ta taya ta tsinke zogale, ta ji labarin yarintar angon da abin da ke ɓata masa rai, ta samu mai tsaya mata. Ranar da aka saɓa, kuma za a saɓa, wannan gwaggon ce za ta kira shi ta ce, "Kai, yarinyar nan na zauna da ita, na san halinta, ka shiga hankalinka." Ma'aikacin otal, komai fara'arsa, ba ya zuwa biko.

Sai maganar suna. A Arewa kalmar otal ta daɗe tana ɗauke da ƙurar Sabon Gari: giya, kiɗa, mata masu zaman kansu. Yau akwai masaukai da yawa da ba ruwansu da ko ɗaya daga ciki, amma kunnen jama'a bai gama wankewa ba, kuma duk lokacin da aka ji Hisba ta kai samame wani otal a Kano sai tsohon zaton ya sake tashi. Ba a rubuta wa mutum a goshi cewa wannan matarsa ce. Ɗan acaɓan unguwarsu ya hango ta da safe tana fitowa daga ƙofar otal, mijin ya tsaya biyan kuɗi a ciki, kafin azahar labari ya kai inda ba ta zata ba, yanzu ma har da hoto. Namiji yakan kaɗe rigarsa ya wuce. Macen ce ke zama da tabon. A kan haka wasu iyaye mata ke cewa ba da 'yarsu ba.

Maganar kuɗi gajeriya ce. Mutumin da ya gama da lefe da sadaki da gyaran gida da walima, galibi da ɗan bashi a wuyansa, ga shi tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 komai ya tashi har da kuɗin ɗaki, me zai kai shi biyan kuɗin kwana a garin da yake da gado kyauta?

Ɗaya ɓangaren kuma suna cewa a tsaya a dubi abin da ke faruwa a zahiri idan miji da mata suka sauka a gidan dangi a cikin birni. A ɗauka gidan kawu ne a Kwarbai ko Limancin Kona, an iso bayan la'asar. An yi sallama, yara sun rugo sun karɓi jaka. Amarya ta gyara mayafi ta wuce cikin gida, ango kuma aka shimfiɗa masa darduma a zaure. Daga nan tafiyar tasu ta rabu biyu. Tuwonsa yaro zai kawo masa a kwano da murfi, ya ci da mazan gidan. Bayan isha'i a yi hirar siyasa da ta ƙwallo, sannan a nuna masa shagon samari, a ɗaga masa katifa ɗaya. Ita kuwa tana ɗakin gwaggo, kai a sunkuye, ana tambayarta tana amsawa a hankali, matan maƙwabta suna shigowa ganin amarya ɗaya bayan ɗaya. Da asuba za ta riga kowa ɗaukar tsintsiya don kada a ce an auro sangartacciya. In yana son ya ji ko ta ci abinci, sai dai ya tura mata saƙo ta waya, alhali bango biyu ne tsakaninsu. Ko da gidan na da ɗakin baƙi aka ba su, akwai abin da kowane mai aure ya sani ba sai an faɗa ba: ɗaukar bokiti a ratsa tsakar gidan surukai kafin kiran sallah. Da yawa sukan gwammace su haƙura.

To, wannan ziyara ce mai kyau, in ji su, amma ziyarar dangi ce. Wanda ya fito don ya zauna da matarsa su yi hirar da ba a katse su, su ci abinci a kwano ɗaya, su fita kallon gari kafaɗa da kafaɗa, bai samu abin da ya fito nema ba. Kuma buƙatar ba baƙuwa ba ce a addini. Littattafan fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukan Zariya ɗin nan sun ware wa budurwa kwana bakwai, bazawara kwana uku, don a saba da juna. Mu ne muka cika waɗannan kwanaki da 'yan ganin ɗaki da 'yan kawo gara, har amarya ta gama satinta ba ta yi doguwar magana da mijinta ba. Waɗanda kuma aka kai su babban gida, kusa da ɗakin uwar miji, suna iya shekara ba su taɓa zama su biyu a gida ba kowa ba.

Suna kuma juya maganar zumunci. Gidajen birni a cike suke. Kafin a ba baƙo ɗaki sai an tashi wani. Ruwa a unguwanni da dama sai an saya wurin 'yan ga-ruwa, jarka-jarka. Mai gida ba zai taɓa faɗa ba, amma kazar da aka yanka maka wataƙila ta ƙwai ce, shinkafar kuma bashi ce daga mai shago. Haƙƙin kwana uku an sa shi ne don matafiyi ya samu inda zai sa haƙarƙarinsa. Mai albashin da ya fito shaƙatawa ya je ya ɗora wa ɗan fansho nauyinsa, da sunan kada a ji haushi, shi ne ya fi kusa da rashin tausayi.

Game da suna, amsarsu ita ce laifin na mai zato ne. Shari'a ta tanadi bulala tamanin ga wanda ya yi wa kamilalliya ƙazafi, ba ta tanadi komai ga matar da ta kwana da mijinta a ɗakin da ya biya ba. Mata na sauka a masaukan Zariya kullum saboda jinya a asibitin koyarwa na Shika, ko bikin yaye ɗalibai, ko jarrabawa, ko aikin ofis. Kuma ga abin da ya fi ɗaure kai: mutumin da zai ɓata rai don ɗansa ya kai amarya otal a Kongo, shi ne zai yi alfahari ya kai Hajiya Umra sun sauka a otal kusa da Harami. Ginin iri ɗaya ne, mabuɗin iri ɗaya, ba wanda ya taɓa cewa mutuncinta ya zube a Madina.

Wasu ma sukan ƙara da cewa karɓar baƙo a kan kuɗi tsohuwar sana'ar Hausawa ce. Fataken goro da na shanu sun san fatoma, mai masaukin da zai ba ka ɗaki, ya adana kayanka, ya haɗa ka da mai saye, ya ɗauki la'adarsa. Abner Cohen ya yi cikakken littafi a 1969 kan yadda masu gidajen Sabo ta Ibadan suka gina arziki da iko a kan wannan aiki. Gaskiya ne, amma ni ban ga wannan hujja ta yi nisa ba. Baƙin fatoma 'yan kasuwa ne, kuma abin da yake sayarwa amana ce a kan dukiya. Ba a san shi da shirya wa ango da amarya ɗaki ba.

Akwai wata da ba a cika gayyata wannan muhawara ba, ita ce uwargida. Idan mai tafiyar yana da mace fiye da ɗaya, maganar ta tashi daga otal ko gidan kawu ta koma rabon kwana. Sunna ta nuna a yi ƙuri'a tsakanin mata idan za a yi tafiya da ɗaya. Matar da ta shekara goma sha biyar tana tuƙa tuwo ba a taɓa kai ta ko Kufena kallon dutse ba, ta ga hoton amarya a ɗaki mai sanyi, kada a yi mamakin abin da zai biyo baya. Wanda zai fara wannan al'ada a irin wannan gida, da uwargida ya kamata ya fara.

In an auna, ni ina ganin masu otal sun fi gaskiya a kan dare, masu gidan dangi sun fi gaskiya a kan rana. Abin da dangi ke nema a gan su, a ci abincinsu, a nuna musu amarya, a zauna har a gaji. Ba dole sai an yi minshari a ƙarƙashin rufinsu ba. Ma'auratan da suka fara da gidan kawu ranar da suka iso, da 'yar tsarabarsu, suka yini, suka koma washegari suka gaida gwaggo, sun biya mafi yawan abin da ake binsu. Sharaɗin shi ne kada kawu ya ji a bakin duniya. A kira shi tun kafin a taso, in da hali ta bakin wani babba, a ce, "Baba, za mu shigo, amma mun kama wuri don kada mu takura yara." Zai yi faɗa, faɗan kuma haƙƙinsa ne, a saurara. Inda nake ja da baya shi ne idan amaryar 'yar birni ce, iyayenta na ciki. A nan tsoron bakin mutane ba tatsuniya ba ce, kuma mijin da ya nace sai sun kama ɗaki a inda duk mai wucewa ya san gidansu, da mutuncin wani yake gwada jarumtarsa. Su tafi Kano ko Katsina, inda ba a san su ba.

Wannan ya kai mu tambaya ta biyu, wadda ta fi ta farko wuya. Tunda abin da baƙon ke so birni ne, me zai hana a samu irin wannan ƙaramin masauki a cikin ganuwa, a wani tsohon gida da aka gyara, tafiyar ƙafa daga Ƙofar Doka?

Masu wannan ra'ayi suna da abin nunawa. Wanda ya kwana a GRA ya shigo birni da hantsi a mota, ya ɗauki hoto a ƙofar fada ya juya, bai ga Zariya ba. Bai ji yadda kiran asuba ke tashi daga unguwa zuwa unguwa ba, bai ga almajiran ilimi na tafiya zaurukan malamai da littattafai a hammata ba, bai zauna wurin maɗinka ya ga yadda ake fitar da aska takwas a kan babbar riga da allura da zare ba. Kuɗinsa ma a waje ya kashe su. Sannan ga gidajen ƙasa na tafiya. A garin da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina Masallacin Juma'a a zamanin Sarki Abdulkarimu cikin shekarun 1830, yau magina masu iya ɗaure bakan gizo da azara sun yi ƙaranci. Ginin ƙasa na son yaɓe da kulawa duk shekara, magada kuma sun ga bulo da kwano sun fi sauƙi. Ranar Juma'a 11 ga Agustan 2023 wani sashe na rufin wannan masallaci ya rufta kan masu sallar la'asar, aka rasa rayuka. In ginin da duk gari ke ji da shi ya kai ga haka, ina ga soron wani bawan Allah a lungu? Gidan da ke kawo kuɗi shi ake gyarawa. Masauki ɗaya mai zankwaye da daɓe da zanen bango zai riƙe magini da mai fenti da masaƙi da mai dafa abinci a bakin aiki.

Suna kawo misalin Maroko, inda aka mayar da ɗaruruwan tsofaffin gidajen Marrakesh da Fas masaukai, kuma garuruwan Musulmi ne masu ganuwa da lunguna kamar namu. Kusa da gida ma akwai Agadas, wadda UNESCO ta sa tsohon garinta cikin wuraren tarihi na duniya a 2013. A can Hôtel de l'Aïr na fuskantar babban masallacin mai hasumiyar ƙasa, a ginin da ake dangantawa da Kawsen, jagoran Abzinawan da ya yaƙi Faransawa a 1916 da 1917. Ba a ce Agadas ta lalace don baƙo ya kwana kusa da masallaci ba.

Mutanen unguwa kuwa, in aka tambaye su, misalin Marokon nan shi ne abin tsoronsu. A Marrakesh baƙi ne, yawanci Turawa, suka saye gidajen, farashi ya tashi, iyalai da yawa suka sayar suka koma bayan gari. Ginin ya tsira, maƙwabtaka ta watse. A birnin Zazzau gida gado ne, wani na da magada masu yawa a garuruwa daban-daban, kuma ranar da aka ji gida ya fara kawo kuɗi ranar ake komawa gaban alƙali. Ga kuma abin da mai zanen gini ba ya gani a takarda. Tsakar gidan Bahaushe a buɗe take sama. Nan mata ke daka da wanki da tsifar kai ba mayafi. Bene ɗaya mai taga a bayansa ya isa ya tone asirin gida biyar. Janareta zai kwana yana ruri a kunnen tsohon da ke bayan katanga. Rijiyar burtsatsen da za a haƙa don baƙi su yi wanka da ruwan famfo, maƙwabta za su ce ita ta janye musu ruwan rijiya, ko gaskiya ne ko ba gaskiya ba.

Hujjarsu mafi ƙarfi ta kasuwa ce. Masu zuwa Zariya yawon amarci kaɗan ne. Lokacin Hawan Sallah da Hawan Daushe ɗakuna za su cika, haka lokacin bikin jami'a. Sauran watannin fa? Mai masauki na da albashin ma'aikata da kuɗin mai a kansa. Ranar da ɗakuna suka kwana biyu ba kowa, wanda ya zo neman ɗaki na awa biyu da yarinyar da ba a san matsayinta ba, kuɗinsa zai fara kyau a ido. Agadas ɗin ma da ake misali da ita, baƙinta sun ɗauke ƙafa bayan tawayen 2007 da rashin tsaron da ya biyo baya, mu ma nan mun ga yadda garkuwa da mutane ta hana jama'a bin hanyar Abuja zuwa Kaduna. Idan masu mutunci suka daina zuwa, ginin na nan, kuma a tsakiyar unguwar mutane yake.

Sai a ce ai sai a riƙa tambayar takardar aure. Nan ma da gyara. Auren da yawa daga cikinmu a masallaci ko ƙofar gida aka ɗaura shi, da waliyyi da shaidu da goro da alawa, ba wanda ya sa hannu a komai. Dokar takarda za ta kori dattijon da ya shekara talatin da matarsa, ta bar ɗan duniyan da ya san inda ake buga takarda. Otal-otal na Maroko sun daɗe suna neman wannan shaida, har ministan shari'arsu, Abdellatif Ouahbi, ya fito a 2024 ya ce ba dokar da ta ba su wannan dama. Abin da ke tace baƙo a ƙasar Hausa tun asali sanayya ce: wa ya aiko ka, wa ya san ka, wa zai amsa in ka yi ba daidai ba.

Don haka ni ban goyi bayan a kai otal irin na kamfani cikin unguwannin birni ba, komai ƙanƙantarsa, komai kyan adonsa. Bakin babban titi a wajejen Ƙofar Doka, ko ɓangaren Tudun Wada da Kongo, ya ishi mai son kusanci: ya yi asuba ya tako, kafin rana ta yi zafi yana fada. In kuwa har za a yi a ciki, akwai salon da ya fi kama da mu. A Fas akwai shirin da ake kira Ziyarates, inda iyalai ke karɓar baƙi a cikin gidajensu suna zaune a ciki, ba su sayar ba, ba su tashi ba. Irinsa a Zariya zai zama sashe guda na babban gida, mai ƙofarsa daban da banɗakinsa a ciki, ba bene, mai gidan na kwana a gidan, mai unguwa da liman sun san da shi, baƙo kuma sai ta hannun wanda aka sani. Ango da amarya su samu ƙofar da za su rufe, abinci ya fito daga tukunyar gidan, kuɗin ya tafi yaɓen soro.

Ko wannan ba zai gamsar da kowa ba. Ɗan kasuwa zai ce ɗaki biyu ko uku ba sa mayar da jari, kuma baƙon da sai an san shi kafin a karɓe shi ba zai taɓa yawa ba. Matasan da suka gudo daga idon dangi za su ce an sake kai su ƙarƙashin idon wasu dangin, sai dai wannan karon da kuɗinsu. Kawu kuma zai fi jin zafi: da ka kwana a otal a Kongo, ya ce yaran zamani ne, amma ka kwana a gidan wani Bazazzagi, lungu uku daga nasa, har ka biya, wannan sai an tara manya kafin ya huce.